Yadda Ake Kare Mutane da Dabbobi Daga Ciwon Haukan Kare a Yankunan da Tunku Ke Ɗauke da Shi

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon haukan kare yana kashe mutane kimanin 59,000 a kowace shekara, kuma a cikin mutum 100 da suka kamu, har 99 daga kare suke samo shi. Shi ya sa yawancin faɗakarwar da ake yi take tsayawa a kan kare. Amma akwai ƙasashen da ƙwayar cutar ta samu gindin zama a jikin tunku, tana wucewa daga wannan zuwa wancan a cikin daji, ta yadda ko da an yi wa karnukan gari rigakafi gaba ɗaya, ba a rabu da ita ba. Wanda yake noma ko kiwo ko zama a irin wannan yanki yana bukatar ya san abin da zai duba da abin da zai yi, domin wannan ciwo ne da ake iya tarewa kafin alamunsa su fito, amma da zarar sun fito, kusan babu mai tsira.

Sanin inda haɗarin yake

Matakin farko shi ne mutum ya san ko tunkun yankinsa yana cikin masu riƙe cutar, domin ba ko'ina abin yake haka ba. Yankuna biyu ne suka yi fice. Na farko shi ne wasu tsibiran Karibiyan da ke tsakanin Amurka ta Arewa da ta Kudu, wato Kyuba da Puerto Rico da Grenada da Haiti da Jamhuriyar Dominikan. Ƙaramin tunkun Indiya da ke can baƙo ne: a 1872 aka kai guda tara daga Indiya zuwa Jamaika don su kashe ɓerayen da ke ɓarna a gandayen rake, daga nan kuma aka riƙa rarraba su zuwa sauran tsibirai. Dabarar ba ta biya bukata ba, domin tunkun da rana yake farauta, ɓera kuwa da dare yake fita, sai baƙon ya koma kan kaji da ƙwan tsuntsaye da ƙadangaru, ya hayayyafa ba tare da wata dabba mai rage yawansa ba. Binciken ƙwayar cutar ya nuna cewa wadda ke jikinsa a waɗannan tsibirai daga karnuka ta samo asali, ta tsallaka ta zauna. A Puerto Rico an tabbatar da ita a jikin tunku a 1950. Jamaika kuwa, da tsibiran Hawai na ƙasar Amurka inda aka kai shi a 1883, suna da tunku da yawa amma ba su da ciwon, abin da ke nuna cewa dabbar ba ta haifar da cutar da kanta, sai an kawo mata.

Yanki na biyu shi ne kudancin Afirka, musamman tudun tsakiyar Afirka ta Kudu, inda tunku mai ruwan ɗorawa yake riƙe da wani nau'i na ƙwayar cutar wanda ya bambanta da na karnuka kuma ya daɗe a can. A 1928 aka tabbatar da ciwon a jikin wasu yara biyu a gundumar Wolmaransstad bayan irin wannan tunku ya cije su. A Zimbabuwe kuma an fi samunsa a jikin siririn tunku. A sauran wuraren da ciwon yake yawo tsakanin karnuka, tunku yana iya ɗauka daga kare ya ciji mutum, ko da cutar ba ta zauna a cikin jinsinsa ba, saboda haka cizonsa abin ɗauka da muhimmanci ne a duk ƙasar da ba a kawar da ciwon ba. Ofishin kula da lafiyar dabbobi na yanki shi ne wurin da ya dace a tambayi halin da ake ciki.

Yadda cutar take yaɗuwa tsakaninsu ba shi da wuyar fahimta. Ƙwayar tana cikin yawu, tana shiga ta cizo, ta bi jijiyoyi sannu a hankali har ta isa ƙwaƙwalwa, daga nan ta sauko zuwa inda yawu ke fitowa, a daidai lokacin da dabbar take rikicewa tana cizon duk abin da ta tarar. Tunku yakan yi faɗa a kan abinci da mace da iyakar wurin zama, kuma mai ruwan ɗorawa yana kwana cikin ramuka da 'yan'uwansa, har ma da kurege a rami ɗaya. Duk inda suka yi yawa, cizo yana yawa, cutar kuma ba ta rasa sabon jikin da za ta shiga.

Gane wanda ya kamu

Tunku mai lafiya dabba ce mai tsananin tsoron mutum. Ana hango shi ne ya tsallake hanya da gudu, jikinsa a ƙasa, ya faɗa ciyawa kafin a ƙare kallonsa. Babbar alamar da za a riƙe ita ce gushewar wannan tsoro. Idan aka ga ya tsaya a fili yana kallon mutum, ko ya shigo tsakar gida ko garke ko ɗakin girki, ko ya tunkari kare wanda a da ko inuwarsa ba ya yarda ya gani, to a ɗauka yana da ciwon har sai gwaji ya nuna akasin haka. Wani yakan zo da faɗa, ya kai hari babu dalili, ya kafa haƙoransa a ƙafar mutum ko a hancin saniya ya ƙi saki har sai an fizge shi. Wani kuma yakan zo a sanyaye, yana tangaɗi, yana jan ƙafafun baya, yawu na dalala daga bakinsa, ya kwanta kamar dabbar gida da ke neman a ɗauke ta. Wannan na biyun ne ya fi ba ni tsoro, domin shi ne yaro yake gani ya ji tausayi ya kai hannu. Kimanin kashi 40 cikin 100 na waɗanda dabbobin da ake zargi da ciwon suke ciza yara ne 'yan ƙasa da shekara 15, kuma yaro yakan ɓoye ƙaramin cizo don tsoron faɗa. Wajibi ne iyaye su gaya wa 'ya'yansu ƙarara cewa ba a taɓa dabbar daji, rayayya ko matacciya, kuma wanda ya faɗi cewa an cije shi ba za a dake shi ba.

Ganin tunku da rana kaɗai ba alamar ciwo ba ne, tun da ƙaramin tunkun Indiya da mai ruwan ɗorawa duka da rana suke yawo. Halinsa ake dubawa. Haka kuma ba a iya wanke shi daga zargi don kawai ba a ga yana dalala ba, domin dabba tana iya fara zubar da ƙwayar cutar a yawunta kafin alamu su bayyana sosai.

Abin da za a yi da zarar ya ciji mutum

Haƙoran tunku ƙanana ne masu tsini, raunin da suke bari sau da yawa ba ya wuce 'yan huji biyu ko huɗu a yatsa ko a idon sawu, jinin ma ɗan kaɗan ne. Wannan ƙanƙantar ce take yaudarar mutane. A 2015 wani mutum ya rasu a Puerto Rico da wannan ciwo bayan tunku ya cije shi bai je an yi masa allura ba. Yatsu da fuska da wuya wurare ne masu yawan jijiyoyi, kuma duk yadda cizo ya kusanci kai, haka tafiyar ƙwayar zuwa ƙwaƙwalwa take gajarta.

Kafin a yi maganar asibiti ko neman dabbar, a fara da wanki. A sami sabulu da ruwa mai yawa, wanda ke zuba ya fi, a wanke raunin na tsawon minti 15 cur, ana duba agogo, domin mutum yakan zaci ya daɗe alhali bai wuce minti biyu ba. A buɗe hujin da yatsa a hankali yadda kumfar za ta shiga ciki, a ɗauraye, a sake sa sabulu, a ci gaba haka har lokacin ya cika. Ƙwayar cutar tana lulluɓe ne da wani siririn maiƙo wanda sabulu yake narkarwa, saboda haka wannan wanki yana rage haɗarin ƙwarai. Idan babu sabulu, a yi ta kwarara ruwan kawai. Bayan haka a shafa aidin ko sifirit idan akwai. Idan yawun ya shiga ido ko baki ko hanci, a wanke da ruwa zalla mai yawa. Kada a tsotsi raunin, kada a ƙona shi, kada a cusa masa ganye ko toka ko ƙasa ko wani abu mai zafi, kada kuma a ɗaure shi tamau.

Daga nan sai asibiti, a ranar, ba tare da jiran ganin yadda jiki zai yi ba. A gaya wa ma'aikacin lafiya irin dabbar da halin da aka gan ta da wurin da abin ya faru. Hukumar Lafiya ta Duniya ta kasa haɗuwa da dabba gida uku. Taɓawa ko lasa a kan fata mai lafiya ba ta bukatar allura. Ƙarzuna ko ɗan cizon da bai fitar da jini ba yana bukatar allurar rigakafi. Cizon da ya huda fata, ko yawu a kan rauni ko a ido ko a baki, yana bukatar allurar rigakafi tare da wata allura ta biyu da likitoci ke kira imunogulobulin, wadda take ɗauke da garkuwar da aka riga aka haɗa. Cizon tunku galibi a gida na uku yake faɗawa. Ita wannan allura ta biyu a cikin raunin da kewayensa ake yin ta, aikinta shi ne ta tsare ƙwayar a inda ta shiga kafin jiki ya haɗa tasa garkuwar, kuma amfaninta yana ƙarewa bayan kwana bakwai da yin allurar rigakafin farko. Idan asibitin ba shi da ita, a fara rigakafin nan take, a nemi a tura mutum inda ake samunta cikin waɗannan kwanaki.

Allurar rigakafin ana yin ta ne a dantse, ga ƙananan yara kuma a cinya, ba a yin ta a ɗuwawu domin a can ba ta aiki yadda ya kamata. Akwai tsari fiye da ɗaya da aka amince da shi: wani a cikin fata ake yi a wuri biyu, ranar farko da bayan kwana 3 da bayan kwana 7, wani kuma a cikin tsoka, ranar farko da bayan kwana 3 da 7, sannan ta ƙarshe tsakanin kwana 14 da 28. Ko wanne aka ɗora mutum a kai, ya karɓi katinsa ya cika ranakun, ko da raunin ya warke tun a mako na farko. Mai juna biyu da mai shayarwa da jariri duk ana yi musu, babu wanda aka hana. Wanda aka taɓa yi wa cikakken rigakafi a baya yana bukatar ƙarin allura kaɗan ne, ba ya bukatar imunogulobulin, amma wanki da zuwa asibiti suna nan a kansa. Likita zai duba batun allurar tetanos da maganin hana rauni ruɓewa, kuma yawanci ba a ɗinke irin wannan rauni nan da nan.

Akwai kuskure biyu da ya kamata a kauce musu. Na farko shi ne tsare dabbar kwana goma a ga ko za ta mutu. Wannan ƙa'ida an gina ta ne a kan abin da aka sani game da kare da kyanwa, ba ta hau kan tunkun daji ba, kuma ko a wurin kare ba dalilin jinkirta allura ba ce a ƙasar da ciwon yake. Na biyu shi ne zaton cewa lokaci ya ƙure. Ciwon yakan ɗauki wata biyu zuwa uku kafin ya fito, wani lokaci mako ɗaya, wani lokaci har shekara, saboda haka wanda aka ciza makonni ko watanni da suka wuce kuma ba a yi masa komai ba ya je yanzu, muddin alamu ba su fara ba.

Dabbar da ta yi cizon

Kada kowa ya bi tunku mai rai da nufin kama shi da hannu, domin ta haka cizo ɗaya yake zama uku. Idan ya shiga ɗaki, a rufe ƙofa a kira jami'an lafiyar dabbobi. Idan ya zama dole a kashe shi don kare rai, a kiyaye kansa kada a farfasa, tun da ƙwaƙwalwa ce ake gwadawa a ɗakin gwaje-gwaje, kuma babu wata hanyar tabbatarwa da ido. A ɗauki gawar da shebur ko da safar hannu mai kauri, a sa ta a leda biyu, a ajiye a wuri mai sanyi nesa da abinci da yara da karnuka, a miƙa ta da wuri kafin zafi ya lalata ta. Ba a feɗe ta, ba a cin namanta, ba a jefa wa kare. A wanke shebur ɗin da wurin da sabulu ko ruwan bilic. Amfanin gwajin ya wuce wanda aka ciza, domin da sakamakonsa ne hukuma take sanin inda cutar ta kai.

Karnuka da kyanwoyi da dabbobin kiwo

A nan ne, a ganina, mafi yawan ƙoƙari ya kamata ya tafi. Mutum ba ya yawan haɗuwa da tunku gaba da gaba, amma karensa yana haɗuwa da shi kullum, yana kora shi, yana kashe shi, sannan ya dawo gida ya lashi hannun yaro. Kare shi ne gadar da cutar take bi daga daji zuwa tsakar gida, kuma allurar rigakafi ce take karya wannan gada. A yi wa kowane kare da kyanwa allura tun suna kimanin wata uku, a riƙa sabuntawa bisa ranar da likitan dabbobi ya rubuta, a adana takardar. Idan kashi 70 cikin 100 na karnukan yanki suka samu rigakafi, cutar ba ta iya ɗorewa a tsakaninsu, amma a inda tunku yake riƙe da ita ba a dakatar da allurar don an daina ganin mahaukacin kare, domin tushen yana nan a daji.

Idan aka ga kare ya yi faɗa da tunku, kada a rungume shi ko a duba rauninsa da hannu tsirara, tun da yawun tunkun yana iya kasancewa a gashinsa. A sa safar hannu, a wanke raunin da sabulu, a kai shi wurin likitan dabbobi. Karen da yake da rigakafi za a ƙara masa allura a sa masa ido na wasu makonni. Wanda ba shi da shi kuwa, dokar ƙasa ce za ta yanke ko a killace shi na watanni ko a kashe shi, kuma komai zafin hukuncin ya kamata a bi.

Shanu da awaki da tumaki da dawakai su ma suna kamuwa. Saniya dabba ce mai son shinshina abin da ba ta saba gani ba, sai ta kai hanci ga tunkun da ke tangaɗi a makiyaya, shi kuma ya kafa mata haƙori, makiyayi bai ma gani ba. Bayan makonni sai ta daina cin abinci, ta yi ta wani irin kuka mai shaƙewa ba ƙaƙƙautawa, yawu na zuba zare-zare, tana yunƙuri kamar mai ciwon ciki, ƙafafun baya na raunana. Abin da ya fi haɗari shi ne tana kama da wadda wani abu ya maƙale wa a maƙogwaro, sai mai ita ya zura hannu har gwiwa cikin bakinta don ya ciro, hannun kuwa ba ya rasa tsaga ko ƙarzuna. Kada a yi haka. A ware ta, a kira likita, kada a yanka ta don ci ko sayarwa, kada a sha nononta. Wanda ya riga ya sa hannu ya wanke ya tafi asibiti kamar wanda aka ciza. A yankin da abin yake maimaituwa, akwai allurar rigakafi ta dabbobin kiwo, kuma kuɗinta bai kai asarar saniya guda ba.

Sai a rage abin da ke jawo tunku kusa da gida. A rufe kwandon shara, kada a bar abincin kare ko na kaji a waje, a kewaye akurki da waya mai ƙananan ido har cikin ƙasa, a kwashe ƙwai da wuri, a share tarin duwatsu da itace da dogayen ciyayi da ke jikin gida, a toshe ƙarƙashin rumbu da ɗakunan ajiya.

Abin da aka gwada a daji

Duk lokacin da cutar ta ɓarke, abin da ke fara zuwa zuciyar jama'a shi ne a kashe tunku gaba ɗaya, kuma an gwada. A Afirka ta Kudu an shafe shekaru da dama, tun daga shekarun 1930, ana hura iskar guba cikin ramuka. A Grenada da Kyuba an baza abinci mai guba. Yawansu yakan ragu na ɗan lokaci, sannan ya dawo, domin ƙaramin tunkun Indiya yana iya haihuwa sau biyu ko uku a shekara, kuma na maƙwabta suna kwararowa cikin wurin da aka bari fanko, su yi faɗa a kan sabuwar iyaka. Guba kuma ba ta zaɓe, tana kashe karnuka da tsuntsaye da sauran dabbobin da ba su da hannu. Akwai wani dalili da ba a cika lura da shi ba: tunku da yawa suna haɗuwa da ƙwayar su rayu, jikinsu ya haɗa garkuwa. Wani bincike a Puerto Rico ya sami alamar wannan garkuwa a jinin kusan kashi 40 cikin 100 na waɗanda aka kama. Kisan kan-mai-uwa-da-wabi yana share waɗannan, ya bar wurin ga ƙananan da ba su da kariya ko kaɗan. Saboda haka ba na ganin hikimar mai gona ya sayi guba ya baza da kansa. Tarko a kusa da akurki ko gida, a hannun wanda ya ƙware kuma yake da rigakafi, shi ne iyakar abin da ya dace.

Hanyar da ta fi ba da fata ita ce rigakafin da ake ɓoyewa cikin abinci a watsa a daji. An fara ta ne a Suwizalan a 1978 don yanyawa, ta kuma kawar da ciwon daga yanyawar yawancin yammacin Turai. Masu bincike na Ma'aikatar Aikin Gona ta Amurka sun yi gwaje-gwaje a Puerto Rico don gano irin ƙamshi da girman abincin da ƙaramin bakin tunku zai iya tauna har maganin ya fashe a ciki, da yadda za a hana ɓeraye da tururuwa da zafin rana riga shi. Wannan aikin hukuma ne. Abin da ya rage ga mazauna yanki shi ne, idan aka watsa irin wannan abinci, su bar shi inda yake, su tsare karnukansu na 'yan kwanaki, su kuma kai rahoton duk tunkun da suka gani ya rikice ko ya mutu ba dalili, tare da faɗin rana da wuri. Masu aikin da ke haɗa su da tunku a kai a kai, kamar likitocin dabbobi da masu ɗana tarko da ma'aikatan gandun daji, su nemi a yi musu rigakafi tun kafin cizo, wanda a tsarin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2018 zuwa biyu ne kawai, ranar farko da bayan kwana 7.